Ashar da Muhallinta: Nasiha ga Ɗan Ƙanena

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya maimakon ka bi yarima a sha kiɗa. Ka ce tun da ka fara koyon kanikanci kunnenka bai huta da ashar ba. Maigidanku da ita yake kiran yaro, da ita yake neman sifana, har in aiki ya yi kyau da ita yake yabo. Ka ce abokan aikinka sun laƙaba maka ustazu don ba ka yi, wani ma ya ce maka ai ba zagi ba ne, yaren gareji ne kawai. Shi ne kake tambayata ko akwai inda ashar ta halatta.

Ba zan ce maka duk wata kakkausar magana haramun ce a ko'ina ba. Ba haka abin yake ba, kuma in na faɗa maka hakan, gobe za ka gano, ka daina yarda da maganata. Akwai inda al'adarmu ta ɗaga ƙafa, akwai inda addini ma ya yi rangwame. Sai dai kafin mu je can, ina so ka saurari ashar ɗin da ake ɗurawa a gabanka, ka tambayi kanka kan wa take sauka.

Yawancin ashar ɗin Bahaushe ba ta tsayawa kan mai laifi. Yaro ne ya ɓatar da noti, amma uwarsa za a ambata, ko ubansa, a haɗa da abin da baki ba ya iya maimaitawa. Ko daƙuwar nan ta yatsu biyar, can ta nufa. Baiwar Allah tana gida tana fama da tukunyarta, ba ta san noti ba, ba ta san wanda ya ɓatar ba, amma ita aka tuɓe a bainar jama'a. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a al'amarin, fiye da munin kalmar kanta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa zagin iyaye cikin manyan zunubai. Sahabbai suka yi mamaki, yaya mutum zai zagi iyayensa? Sai ya bayyana musu cewa mutum ne zai zagi uban wani, wancan ya rama kan ubansa, ya zagi uwar wani, a rama kan uwarsa. Ka ga ke nan duk wanda ya lailayo ashar ya maka wa wani, ya miƙa tasa uwar ne a yi da ita. Abu Zarri ma, da girmansa da tsoron Allahnsa, ranar da ya goranta wa wani mutum da uwarsa, Annabi ya gaya masa cewa da sauran halin jahiliyya a tattare da shi.

Akwai kuma kalmar da muka mayar ruwan sha, wato kiran mutum shege. Ka san har yabo ake yi da ita yanzu. Amma ka koma asalinta: kore wa mutum uba ne, jifan uwarsa ne da alfasha. Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi kamilar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure ta kawo haddi kan wanda ya kore wa mutum nasabarsa, kuma a mazhabar Malikiyya ko da habaici aka yi jifan, in manufar ta fito fili, haddin yana hawa. Na san mafi yawan masu faɗin kalmar ba jifan suke nufi ba, alƙali ma yakan duba manufa da al'adar wuri. Duk da haka, kalmar da asalinta ya kai ga bulala 80 ba abar tauna ba ce a kowace gaɓar magana.

Game da maigidanka, ga shawarata. Kada ka rama, kada kuma ka yi masa wa'azi a gaban yara da masu motoci, domin girma zai hana shi saurara. Ka bari sai an tashi, ko bayan sallar la'asar in ya zauna shi kaɗai, ka durƙusa ka ce masa, "Maigida, in na yi laifi a yi mini faɗa, ko horo ne a yi, amma don Allah a bar mahaifiyata." Mutane da yawa da ke wannan hali haka aka koya musu sana'ar, ba su taɓa jin wanda ya roƙe su haka cikin ladabi ba, kuma sukan ji nauyi. In abin ya ƙi, ka faɗa wa mahaifinka, mu zo tare mu gan shi. Mu muka kai ka, da bakinmu ya karɓi amanarka.

To, maganar abokinka cewa yaren gareji ne, kada ka watsar da ita gaba ɗaya, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kowace al'umma tana da kalmomin da ke gudana a harshe ba tare da an nufi ma'anarsu ba. A hadisi na 29 cikin Arba'una Hadisi, wanda ka haddace tun kana Islamiyya, Annabi ya faɗa wa Mu'azu wata kalma ta Larabawa wadda a zahiri ta yi kama da mummunar addu'a, malamai kuwa suka ce ba addu'ar ake nufi ba, jan hankali ne. Amma ka lura, babu batsa a cikinta, kuma hadisin kansa kan kame harshe yake magana. Irin wannan ce kakarka take yi in ta ce maka ja'iri, ko ta ce ta fasa auren tun da angon nata ba ya kawo cefane. Ka taɓa jin zafin wannan? Ba za ka ji ba, domin ka san zuciyar da ta fito daga ciki.

Nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin kakanninmu sun yi hikima a wurin nan wadda 'yan zamani ke gani kamar wasa ne kurum. Sun san cewa ɗan Adam yana buƙatar inda zai saki baki, sai suka keɓe masa wurare. Akwai wasan kaka da jika. Akwai na taubasai, ɗan mace da ɗan namiji. Akwai na garuruwa da ƙabilu: Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, Bafulatani da Babarbare. Za ka ga dattawa biyu masu furfura sun haɗu a tasha, wannan ya ce wa wancan bawansa ne, wancan ya tono masa abincin garinsu da tsoron kakanninsa, baƙo ya ɗauka yanzu za a dambace, sai ka ga sun tafa sun zauna cin abinci kwano ɗaya. A Nijar an ɗauki abin da muhimmanci ƙwarai, har a shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin ƙasar cikin jerin al'adun gado na duniya, saboda yadda yake kashe wutar rigima tsakanin Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari.

Wannan wasa yana da sharuɗɗan da ba a rubuta ba amma kowa ya sani. Duka biyun sun san dangantakar da ta ba su dama, ba ɗaya ne ya ɗora wa ɗaya ba. Kowa yana da bakin ramawa daidai wa daida. Ba a yin fushi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Ba a taɓa ainihin ciwon mutum, ba za ka tsokani taubashiyarka da rashin haihuwa ba in ka san abin da ke damunta ke nan. Sannan akwai haƙƙi a bayansa, shi ya sa ake biyan kuɗin shara a watan cika-ciki, kuma abokin wasanka yana cikin masu fara tsaya maka ranar da ka shiga uku. Ka ɗauki waɗannan ka auna abin da ke faruwa a garejinku. Yaron da aka zagi uwarsa yana da bakin ramawa? An nemi yardarsa? In ya yi dariya, dariyar jin daɗi ce ko ta wanda ba shi da yadda zai yi? Inda babba ke zagi ƙarami yana haɗiyewa, wannan ba wasa ba ne, ko da kowa na dariya.

Za a ce maka ai Katsinawa da ashar suke gaisawa. An daɗe ana tsokanarsu da haka, su ma sukan amsa da raha. Amma ka je Katsinar ka gani ko akwai mai yin ta a gaban surukinsa, ko a gaban malaminsa, ko a fada. Wanda ya fi kowa sakin baki a majalisar abokai ya san inda zai kama shi. Haka 'yan gambara da ke yawo kasuwa-kasuwa da zantukansu na batsa: jama'a sun san sana'arsu ce, a ba su abin da za a ba su su wuce, ba wanda ke komawa gida ya yi wa iyalinsa irin maganarsu. Haka kiɗan amada na mata a cikin gida lokacin biki, irin wanda Barmani Choge ta Funtuwa ta shahara da shi har rasuwarta a 2013. Mata sukan faɗi abin da ba za su faɗa a gaban maza ba, su yi dariyarsu, su sauke abin da ke ransu game da kishiya da miji, in taro ya watse kowa ta ja mayafinta. Ba ina ce maka malamai sun yarda da duk wannan ba, da yawa sun yi inkari, kuma suna da hujja. Abin da nake nuna maka shi ne ko masu yin ma sun san abin yana da wuri da lokaci. Baƙin mai a cikin inji aiki yake yi, amma ba ka shiga masallaci da shi a riga.

Ka duba kuma makaɗan fada, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Zambo na cikin aikinsu, sukan yi wa abokin hamayyar sarki kaca-kaca. Amma da siffantawa suke yi, su kwatanta tafiyarsa ko rowarsa ko rawaninsa, ba su ambaci sunansa ba, kowa ya gane. Wannan aikin mai fasaha ne. Ashar kuwa ba ta buƙatar fasahar komai, yaro ɗan shekara huɗu ma yana iya kwaikwayonta, kuma abin baƙin ciki, yana yi, domin a bakin manya ya ji. Sau da yawa ma a bakin uwarsa, wadda in ranta ya ɓaci take zagin kanta da kanta ta hanyar ɗanta, ko ta ja masa tsinuwa. Muslim ya ruwaito hani ga yi wa kai ko 'ya'ya ko dukiya mummunar addu'a, don kada ta dace da lokacin amsawa. In Allah ya ba ka iyali, ka tuna da wannan, ka tunatar da matarka cikin lalama.

Sai maganar zafin ciwo, wadda ta shafe ka kai tsaye tun da kullum kana tsakanin guduma da ƙarfe. In guduma ta sauka kan yatsa wata kalma ta kuɓuce, ba da kowa aka yi ba, ba na ganin wannan daidai yake da wanda ya dubi idon mutum ya zage shi. Masana ma sun bincika. A shekarar 2009 Richard Stephens da abokan aikinsa a Jami'ar Keele ta Ingila sun sa ɗalibai tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara, wani zubin suna maimaita kalmar zagi, wani zubin kalmar da ba ruwanta. Da zagin sun fi daɗewa suna jurewa, bugun zuciyarsu ma ya ƙaru. Amma a 2011 ya sake gwajin ya gano cewa waɗanda suka saba zagi kullum ba sa samun wannan sauƙin sosai. Wato ko ta fuskar amfanin da ake ce tana da shi, mai yawan yi ya riga ya cinye rabonsa. Ni dai abin da nake so gare ka shi ne ka saba wa harshenka da salati da innalillahi tun yanzu, domin abin da harshe ya saba da shi, shi ke fitowa lokacin da hankali bai kai ga zaɓe ba.

A nan akwai wani abu da nake roƙon ka riƙe saboda tausayi. Wani lokaci dattijo mai mutunci, wanda ba a taɓa jin alfasha a bakinsa ba, sai ya sami shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke, amma ashar ta riƙa fita. Ko tsufa ya taɓa ƙwaƙwalwa ya riƙa faɗin abin da da ba ya faɗa. Sai ka ji mutane na raɗa cewa asirinsa ne ya tonu, ko mugun ƙarshe ne. Wannan zalunci ne. Likitoci sun daɗe da sanin haka. Tun a 1861 likita Paul Broca ya ba da labarin wani majiyyaci a Faris wanda gaɓa ɗaya tak ta rage masa a baki, amma in ya fusata sai kalmar zagi ta fito cikakkiya. Maganar da mutum ke shiryawa da hankali da wadda ke fita da motsin rai ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba, ciwo yakan toshe ɗaya ya bar ɗaya. In ka ga haka ga wani, ka rufa masa asiri, ka fahimtar da iyalinsa, a kai shi asibiti.

Wanda aka zalunta fa? Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ya nuna Allah ba ya son bayyana mummunar magana, sai ga wanda aka zalunta. Wanda aka cinye wa haƙƙi yana da damar ya ɗaga murya ya ce wane ya cuce ni, ya kira azzalumi da sunan aikinsa. Hadisin Muslim kuma ya nuna in mutum biyu suka zagi juna, laifin na kan wanda ya fara, matuƙar wanda aka zalunta bai wuce iyaka ba. Iyakar kuwa a fili take: ba ƙarya, ba ƙari, ba tsallakawa kan iyayen da ba su yi maka komai ba. Masu neman hujja sukan kawo abin da ya faru a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, lokacin da Urwatu ɗan Mas'ud ya ce wa Annabi mutanen da ke tare da shi za su gudu su bar shi, Sayyidina Abubakar ya mayar masa da kalma mai kaushi ƙwarai. Gaskiya ne, yana cikin Buhari, kuma Ibn Hajar ya ce akwai halaccin irin haka don tsawatar wa wanda ya cancanta. Ya kuma bayyana cewa Larabawa da uwa suke yin wannan zagin, Abubakar kuwa gunkin Lata ya sa a gurbin. Ka dubi mutumin, ka dubi ranar: mai sanyin hali ne da ba a san shi da haka ba, ana bakin yaƙi, an taɓa amanarsa ga Manzon Allah. Saboda ba halinsa ba ne kalmar ta yi nauyi har aka riƙe ta. Wanda ke yi saboda an tare masa hanya a danja ba shi da rabo a wannan hujja. Kada kuma ka ɗauke ta lasisin taɓa addinin wani. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah. Kana hulɗa kullum da 'yan ƙabilar Ibo masu sayar da kayan gyara da sauran waɗanda ba addininku ɗaya ba, kuma ka san a ƙasar nan kalma ɗaya irin wannan ta sha jawo asarar rayuka.

Abin da ya fi ba ni tsoro a zamaninku shi ne waya. Duk wuraren da na ambata maka suna da bango: zaure, cikin gida, majalisar abokai. Wanda bai kamata ya ji ba, ba ya ji. Yanzu kuwa abin da aka faɗa a Facebook ko TikTok, ko aka tura a muryar WhatsApp, yana isa kunnen uwarka da surukarka da yaron da ba a haifa ba tukuna. Ga sojojin baka da 'yan siyasa ke ɗauka su ci mutuncin abokan hamayya a rediyo da waya, samari na ganin hanyar samu ce. Waɗanda suka aike su sukan shirya a ɗaki ɗaya, su bar yaron da gaba, wani lokaci da shari'a, domin tun 2015 Nijeriya ke da dokar laifuffukan intanet, kuma an sha gurfanar da matasa a kotu kan abin da suka wallafa. Wasan Bakano da Bazazzagi ma in ya hau waya yakan lalace, saboda dubban masu karantawa ba sa ganin murmushin mai faɗa.

Akwai wuri guda da ya rage, inda kiran abu da sunansa ba rangwame ba ne, wajibi ne, kuma nan ne mu Hausawa muka fi gazawa. Mutumin da ke ambaton al'aura sau ɗari a tasha, in ya zauna gaban likita sai kunya ta kama shi, ya ce cikinsa ne ke ciwo alhali ciwon na mafitsara ne ko na gaba, a ba shi maganin da ba nasa ba. Mata nawa ne suka ɓoye yoyon fitsari ko ƙari a mama har lokaci ya ƙure, saboda an koya musu cewa ambaton wurin rashin kunya ne? Littattafan fiƙihu ba su yi wannan noƙewar ba, babin tsarki da wanka da haila a fili suke magana. Lokacin da Ma'izu ya zo yana iƙirarin laifi a kansa, Annabi ya tambaye shi da kalma ƙarara ba tare da sakayawa ba, domin hukunci ba ya tsayuwa kan habaici. Gaban likita, gaban alƙali, gaban malamin da kake tambaya, ka faɗi abu yadda yake, ba batsa ka yi ba.

Wannan ya haɗa da ƙannenka ƙanana, maza da mata. Yaron da bai taɓa jin sunan gaɓoɓinsa ba sai a cikin zagi, zai ɗauka ambatonsu laifi ne, ranar da wani mugu ya taɓa shi kuwa ba zai iya faɗa ba, don yana tsoron duka. Ka yi magana da mahaifiyarka a kan haka, ka ce ni baffanka na ce a koya musu sunayen cikin natsuwa, irin waɗanda ake faɗa a darasin tsarki, a kuma gaya musu cewa duk wanda ya taɓa su a nan, ko waye shi, su zo su faɗa, ba wanda zai dake su.